Koci Mai Dogon Zama: Tarihin Horarwa da Nasarorin Kano Pillars a Ƙwallon Kwando

Takardar da aka gabatar a taron masu horar da matasa wasanni, Kwamba, Suleja, Jihar Neja

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars tun daga ƙarshen shekarun 2000, lokacin da ta fara mamaye gasar firimiya ta Nijeriya, zuwa 2017, shekarar da rikicin shugabanci ya raba hukumar wasan gida biyu. Hujjarta ita ce, babban jarin Pillars a wancan zamani shi ne daɗewar koci ɗaya, Sani Ahmed, a kan kujerarsa. An auna wannan hujja da tarihin Rivers Hoopers ta Fatakwal, da na tawagogin ƙasa na maza da mata, da na San Antonio Spurs ta Amurka, har da wuraren da suke neman su ƙaryata ta. Daga nan takardar ta juyo gida, ta duba abin da wannan tarihi ke buƙata daga masu riƙe da wasanni a Jihar Neja.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya ji an ambaci Kano Pillars, ƙwallon ƙafa ce ke fara zuwa masa: kirarin "Sai Masu Gida", cikar filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ranar wasa, da kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014. Amma a harabar filin nan akwai rufaffen zauren wasanni, kuma a cikinsa wata Pillars ɗin ta daɗe tana aikinta ba tare da ganga ba. Ita ce ta ƙwallon kwando. Tsakanin 2013 da 2017 ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu cikin shekara biyar, a Disambar 2016 kuma ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka.

Dalili biyu suka sa na kawo labarinta nan Kwamba. Na farko, a wancan zamani ita da Niger Potters ta Minna 'yan rukuni ɗaya ne, wato rukunin Savannah da ya tattara ƙungiyoyin Arewa irin su Gombe Bulls, Plateau Peaks da Bauchi Nets, yayin da na Kudu suke rukunin Atlantic. Gwamnatin jiha ce ke riƙe da Pillars, kamar yawancin takwarorinta na rukunin, don haka abin da ya yiwu a Kano ba za a ce ya fi ƙarfin Neja ba. Na biyu, mun saba ƙirga kofi, ba mu cika tambayar wanda ke zaune a benci ba, balle mu tambayi shekara nawa aka bar shi a wurin. Ni kuwa a ganina tambayar shekarun koci ita ce take bayyana yawan kofin.

2. Minti ɗaya na koci

A ƙwallon ƙafa, da zarar alƙali ya busa usur, hannun koci ya gajarta. Canjin da yake da shi ƙidayayye ne, wanda ya fita kuma ba ya dawowa. A ƙwallon kwando kuwa koci yana cikin wasan tsundum daga farko har ƙarshe. Mutum 5 ne a fili daga cikin 12 da ke takarda, yana fitar da wanda ya so ya mayar da shi sau nawa ya ga dama. A dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wasa zango huɗu ne, kowanne minti 10. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 ta jefa, tana da daƙiƙa 8 ta tsallaka rabin fili. Ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya gama na ranar. Koci kuma yana da ikon tsayar da wasa sau biyu kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa, kowanne minti ɗaya.

Mu tsaya a kan wannan minti ɗaya. A ce saura daƙiƙa 14 a tashi, ana gaba da ku da maki biyu, mafi tsawon 'yan wasanku yana da laifi huɗu. Koci ya nemi a tsayar. Yara sun zo suna haki, wani ya sa tawul a kai, wani yana kurɓar ruwa, 'yan kallo sun cika zaure da ihu har ba ka jin na kusa da kai. Koci ya durƙusa a gabansu da ɗan allo da alƙalami. Cikin wannan minti zai yanke ko a nemi maki biyu a yi canjaras, ko a yi kasadar maki uku daga bayan layin mita 6.75. Zai faɗi wanda zai jefo ƙwallo daga gefe, da wanda zai tsaya ya tare wa mai harbi hanya, da inda mai harbin zai ɓullo, da abin da za a yi in abokan hamayya sun toshe wannan ƙofa.

Kocin da ya zo wata uku da suka wuce zai cinye mintin yana zane yana bayani, yaran su koma fili kowa da tasa fahimtar. Wanda ya shekara biyar da su, sunan dabarar kawai zai ambata, domin sun maimaita ta a atisaye har ta zama jiki. Sauran daƙiƙun sai ya kashe su wajen duba idon yaransa, ya gane wanda hannunsa bai rawa a irin wannan lokaci. Wannan sani ba ya cikin takardar shaidar horarwa. Zama ne ke kawo shi.

3. Zamanin Sani Ahmed

Kafin a zo Kano sai an bi ta Zariya, domin can ne aka fara ganin amfanin dogon zama a ƙwallon kwandon Arewa. Oliver B. Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya mayar da filinta makaranta ga yaran Samaru da kewaye. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zama shugaban Toronto Raptors, ƙungiyar da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ujiri bai taɓa ɓoye bashin da mutumin nan yake bin sa ba.  Abin lura shi ne OBJ ya zauna wuri ɗaya har yara suka san inda za su same shi.

Pillars ta hau kan wannan turba. Sani Ahmed ya riƙe ta shekara da shekaru, ya kuma yi wa tawagar ƙasa aiki a lokuta dabam-dabam. Ƙungiyar ta ɗauki kofi a ƙarshen shekarun 2000, ta ƙara da na 2010. Sai Royal Hoopers ta Fatakwal, wadda daga baya ta koma Rivers Hoopers, ta ƙwace na 2011 da 2012. Pillars ta dawo ta ci 2013 da 2014. A 2015 Mark Mentors ta Abuja, ƙarƙashin Peter Ahmedu, ta karɓe kambun. Sannan Pillars ta sake dawowa a 2016 da 2017.

Wanda ya karanta wannan jeri da gaggawa, shekarun nasara zai gani. Ni shekarun faɗuwar sun fi ba ni sha'awa. Mun san al'adarmu: ƙungiyar gwamnati ta rasa kofi, kafin a kwashe kujerun zaure an fara raɗe-raɗin sabon koci, a kafa kwamitin riƙo, a sallami rabin 'yan wasa. A Kano an rasa kofi shekara biyu a jere, aka sake rasa shi a 2015, amma mutumin da ya san ƙungiyar ya ci gaba da zama a benci, kuma bayan kowace faɗuwa kofi biyu ne suka biyo baya. Haƙurin da aka yi da koci a shekarar da bai ci ba, shi aka girba a shekarun da ya ci.

Dogon zaman koci yana jawo dogon zaman 'yan wasa. Abubakar Usman ya daɗe yana sanye da rigar Pillars, shi da Abdul Yahaya kuma sun kai ga sa rigar tawagar ƙasa, a lokacin da kusan duk gurabenta ke hannun masu wasa a Turai da Amurka. Ɗan wasan da albashinsa bai taka kara ya karya ba, abin da ke riƙe shi a ƙungiya shi ne sanin cewa kocin da ya yarda da shi bana yana nan baɗi. A yanayinmu ma aikin koci ya wuce fili. Shi ne ke bin fayil a ma'aikata don a saki kuɗin tafiya, shi ke rarrashin yara in alawus ya makara, shi ke zaune da su a mota daga Kano zuwa Legas, inda aka saba buga zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a zamanin da DStv ke ɗaukar nauyin gasar. Baƙon koci bai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce Alƙahira, Disambar 2016. Al Ahly mai masaukin baƙi ta ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka, Recreativo do Libolo ta Angola ta zo ta biyu, Kano Pillars ta karɓi lambar tagulla. Sai an san su waye ke cikin wannan gasa ake gane nauyin lambar. Ƙungiyoyin Angola, Masar, Tunisiya da Maroko ne suka saba raba ta tsakaninsu, kuma suna da kuɗin ɗauko ƙwararru daga waje, da zaurukan atisaye nasu na kansu, da gasar gida mai tsawon watanni. Ƙungiyar da ta dogara da kasafin jiha ta kutsa tsakaninsu ta hau dandamali. A shekarar da ta biyo, ƙungiyoyi biyu na Arewa, Pillars da Gombe Bulls, su ne suka wakilci Nijeriya a wannan gasa a Tunisiya. Kocin Bulls, Abdulrahman Mohammed, shi ne daga baya ya jagoranci tawagar ƙasa a gasar cin kofin Afirka ta 2025.

4. Auna hujja

Misali ɗaya ba ya kafa ƙa'ida, don haka mu duba maƙwabta.

Rivers Hoopers ce shaida mafi ƙarfi, domin ita ce ta gaji Pillars a kan kujera, kuma ta hanya iri ɗaya. Ogoh Odaudu ne kocinta lokacin da ta ci 2011 da 2012. Ta yi shekaru ba ta ga kofi ba, Pillars na ɗauka a gabanta, ba a kore shi ba. Ya dawo da ita ta ci 2021, 2023 da 2024. A 2024 ta zo ta uku a gasar BAL, wadda NBA da FIBA suka kafa wa ƙungiyoyin Afirka, aka kuma zaɓe shi gwarzon kocin gasar na shekarar. Ke nan ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa cin kofin Nijeriya daga 2010 zuwa 2024, kowace da koci ɗaya aka san ta. Da wuya a ce dace ne.

Tawagar ƙasa ta maza, D'Tigers, ita ce akasin haka. Sam Vincent ya kai ta gasar duniya ta 2006 a Japan, inda ta doke ƙasar Sabiya da Montenegro, Jamus kuma ta fitar da ita da maki ɗaya tak, 78 da 77, a zagaye na biyu. Maimakon a ɗora a kan wannan, sai Robert McCullum ya zo a 2007, John Lucas a 2009, Ayo Bakare daga 2011, Will Voigt a 2015, Alex Nwora a 2017, Mike Brown a 2020. Koci bakwai cikin shekara 15, a ƙasar da babu wadda ta fi ta yawan 'ya'ya masu wasa a manyan gasannin duniya a duk nahiyar, sakamakon kuwa kofin Afirka ɗaya ne. Angola, wadda ta gina tawagarta a kan ƙungiyoyin gida biyu, Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, ta riga ta tara kofi 11 kafin mu ɗauki na farko.

A nan mai suka zai ɗaga hannu, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce ai wannan kofi ɗaya, na 2015 a Tunisiya, da aka doke Angola 74 da 65, baƙon koci ne ya ci shi, watanni kaɗan bayan an ɗauke shi. Zai ƙara da cewa tawagar mata, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere da koci uku: Sam Vincent a 2017, Otis Hughley a 2019 da 2021, Rena Wakama a 2023 da 2025. Ina dogon zaman a nan?

Amsar tana da fuska biyu. Game da 2015, a duba 'yan wasan. Al-Farouq Aminu da ɗan'uwansa Alade, da Chamberlain Oguchi wanda aka zaɓa gwarzon gasar, da Olumide Oyedeji, duk suna cikin tawagar da Ayo Bakare ya kai wasannin Olamfik na Landan a 2012, bayan ta doke Lituwaniya da Girka a wasannin share fage a Karakas. Sun sha daɗi tare, sun kuma sha ɗaci tare, har da ranar da Amurka ta lallasa su 156 da 73. Voigt ya yi aikinsa da kyau, amma ginanniyar tawaga ya tarar. Fuska ta biyu ta fi muhimmanci ga taronmu. Kocin tawagar ƙasa zaɓe yake yi daga cikin waɗanda wasu suka riga suka horar, a jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin Turai, ya haɗa su na 'yan makonni. Idan 'yan wasan sun fi na kowa, kamar yadda D'Tigress ta fi sauran Afirka, canjin koci ba ya hana su ci. Kocin ƙungiyar gida ba shi da wannan gata. Abin da ya shuka shi zai tarar. Don haka hujjata ta tsaya ne a kan ƙungiyoyi, kuma ƙungiyoyi ne abin da ke hannunmu a jihohi.

Zamanin Mike Brown ma ya nuna iyakar abin da babban suna zai yi cikin ƙanƙanin lokaci. Ranar 10 ga Yuli, 2021, a Las Vegas, Nijeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Duk wanda ke son wasan nan bai yi barcin kirki ba a daren, don murna. Makonni kaɗan bayan haka, a Tokyo, tawagar ta rasa wasanninta uku duka.

Akwai wani amfani na dogon zama da kofi ba ya nunawa, kuma San Antonio Spurs ce ta fi fito da shi. Gregg Popovich ya riƙe ta daga 1996 zuwa 2025, ya ci kofin NBA a 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Amma a dubi waɗanda suka zauna kusa da shi a benci. Mike Budenholzer ya tafi ya ci kofi da Milwaukee a 2021. Mike Brown ɗin da muka ambata mataimakinsa ne a da. Ime Udoka, wanda ya buga wa Nijeriya a gasar duniya ta 2006, ya yi shekara bakwai yana mataimakinsa, sannan ya kai Boston Celtics wasan ƙarshe a 2022. Bencin da ya zauna lafiya yakan zama makarantar kociyoyi. A nan ne kuma nake da damuwa da tsarinmu, domin dogon zama yana da nasa haɗari. Idan komai na kan mutum ɗaya, dabara a kansa, sanin 'yan wasa a kansa, hulɗa da ma'aikata a kansa, ranar da ya tashi sai a koma farko. Kocin da ya daɗe yana iya maƙalewa tsofaffin yaransa ya hana sababbi fili, yana iya tsayawa a kan salon da wasa ya wuce. Maganin wannan shi ne a ɗora masa nauyin fitar da magaji, a kuma riƙa tura shi ƙaro ilimi. Korarsa duk shekarar da ya faɗi ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

5. Shekarar da gida ya rabu

A watan Yunin 2017 aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, sau biyu a gari biyu. A Kano aka ce Tijjani Umar ne, a Abuja aka ce Musa Kida ne. A shekarar ce kamfanin Kwesé ya karɓi ɗaukar nauyin gasar bayan DStv, ana sa ran za a ga canji. Sai shari'a ta shiga, kowane ɓangare da tasa gasar, aka wayi gari kakar wasa ta koma 'yan kwanaki da ake tara ƙungiyoyi a gari ɗaya a fitar da zakara. A Janairun 2022 aka maimaita: Kida a birnin Benin, Igoche Mark a Abuja. A watan Mayu gwamnatin tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. Ta soke matakin bayan makonni, amma kafin nan D'Tigress ta rasa gurbinta na gasar duniya a Sidni, aka bai wa Mali. A shekarar kuma babu ƙungiyar Nijeriya a BAL.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta raba gardama tsakanin ɓangarorin. Abin da ya shafe ta shi ne abin da rikicin ya yi wa benci. Dogon zaman koci yana amfani ne idan akwai wasa. Dabarar da aka maimaita a atisaye sai an gwada ta a gaban abokin hamayya mako bayan mako take nuna. Da gasa ta tsaya, manyan 'yan wasa suka tsufa a zaune, masu tasowa suka nemi hanyar fita waje ko suka kama wata sana'a. Abin takaicin shi ne lokacin. BAL ta fara ne a Kigali a 2021, da talabijin da masu farautar 'yan wasa da kuɗin da gasar zakarun da ba ta taɓa gani ba, shekara huɗu kacal bayan Pillars tana kan ganiyarta. Daga 2021 zuwa 2025, Rivers Hoopers da Kwara Falcons ta Ilori ne suka wakilci Nijeriya a cikinta. Ƙungiyar da ta hau dandamali a Alƙahira ba ta samu shiga ba, babu kuma wata daga rukunin ƙungiyoyin da muka lissafa na Kano, Gwambe, Jos, Bauci ko Minna da ta samu.

6. Abin da ya shafi Neja

Suleja ba baƙuwa ba ce ga abin da nake faɗa. A garin nan, lokacin yana amsa sunan Abuja, Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ya zauna har 1965. Ladi Kwali ta shigo a 1954 da gwanintar da ta koya a gida, ta zauna ita ma, ta koya ta koyar, har hotonta ya hau takardar naira 20. Da ana canja shugaban cibiyar duk shekarar da tukwane suka fashe a wuta, da ba mu san sunanta ba.

Yanzu mu leƙa filin da yawancinmu muke aiki. Siminti ne, na wata makaranta, ya tsattsage a gefe ɗaya. Ƙarfen kwandon yana nan a tsawonsa na mita 3.05, raga kuwa ta daɗe da tsinkewa. Bayan la'asar yara sun taru, wasu da takalmin wasa, wasu da silifa, ƙwallo biyu ne, ɗaya ta sulɓe har ba ta kamuwa. Malamin motsa jiki ne koci, ya tashi daga aji ya zo, a aljihunsa ya sayi ruwan leda. Yau hannun hagu yake koyarwa: taka da ƙafar dama, tashi, ajiye ƙwallo a jikin allo da hagu. Wani dogon yaro ɗan shekara 14 ya gwada, ƙafafunsa suka harɗe, sauran suka kwashe da dariya. Malam bai yi tsawa ba. Ya karɓe ƙwallon, ya sa shi ya yi takun kawai, ba ƙwallo, sau da yawa, sannan ya mayar masa. Wannan yaro yana buƙatar shekara huɗu ko biyar a hannun mutumin nan kafin a san abin da zai zama. Idan aka yi wa malamin canjin wurin aiki a zango mai zuwa, ba tare da an duba wanda zai karɓi filin ba, shi ke nan, yaron ya koma ƙwallon ƙafa ko ya bar wasa gaba ɗaya. Matsalar da ke damun babbar ƙungiya ita ce ke damun wannan fili, girma ne kawai ya bambanta.

Muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Abuja na nan kusa, da zaurukanta da kwasa-kwasan horarwa da manyan wasanni, ana zuwa a dawo a yini. Minna na da ƙungiyar da ta buga gasar firimiya. Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta haɗa filin siminti na Suleja, Bida ko Kwantagora da bencin Niger Potters, kuma kociyoyi ne wannan igiya.

Shawarata ga masu riƙe da wasanni a jiha ita ce a bai wa kocin babbar ƙungiya kwantiragin shekara huɗu a rubuce, wanda canjin kwamishina ko na shugaban hukuma ba zai taɓa shi ba. A auna shi da abubuwa uku: matsayin ƙungiya a gasa, yawan yaran jiha da ya ɗago daga makarantu zuwa babbar ƙungiya, da mataimakan da ya horar har suka samu shaidar horarwa. Kada kofi kaɗai ya zama ma'auni. A kuma tanadi littafi a ƙungiya da za a riƙa rubuta sunan kowane koci da mataimakansa, da shekarun da suka yi, da sakamakon kowane wasa, domin yawancin tarihin kociyoyinmu a bakin mutane yake, baki kuwa yana tafiya da mai shi. A matakin makarantu, ma'aikatar ilimi ta riƙa tuntuɓar hukumar wasanni kafin a ɗauke malamin da ke riƙe da fili.

Sai batun 'yan mata, wanda bai kamata a bar shi a ƙarshen layi kullum ba. Tun 2017 FIBA ta amince a yi wasa da ɗankwali ko hijabin da ya cika sharuɗɗan kariya, don haka wannan uzuri ya kau. A Faris a 2024, D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama ta zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Iyaye a Kwamba da Madalla za su fi sakin jiki su bar 'yarsu ta je fili idan mace ce ke riƙe da usur, kuma mace ce da suka sani, wadda suka ga tana nan bara, tana nan bana. Ina roƙon duk wani kwas na horarwa da za a shirya a wannan yanki ya ware wa malamai mata gurabe tun daga takardar gayyata, a kuma sa lokacinsa cikin hutun makaranta domin su samu zuwa.